Haƙora Huɗu a Inci

Tsamiyar Maƙera, Bunkure
Litinin, 14 ga Afrilu

Zuwa ga taubashina Sammani,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da Kulu da yara da jikoki. Yaya ƙafa? Yaya zafin Zariya? Kunne ban tambaya ba, tunda ranar sallah na yi ta ihu a waya har maƙwabta suka leƙo, kai kuwa kana ta tambayar wa ke magana. Shi ya sa na koma wa takarda. Hashimu direba, mai kai kayan gwari garinku, shi zai miƙo maka.

Shekara bakwai ko takwas da suka wuce, a teburin mai shayi a kasuwar Bunkure, na ji ana cewa wai an kawo wani inji Kano mai sassaƙa ƙarfe shi kaɗai. Wai a saka masa ƙarfe, a rufe, mutum ya koma gefe ya sha shayinsa, in ya dawo ya tarar an gama. Na yi dariya har na ƙware. Ni da na shekara ashirin da biyu tsaye a gaban injin sassaƙa a kamfaninmu na Bompai, kai kana na kusa da ni har ƙara ta cinye maka kunne, ni za a gaya wa ƙarfe na yanka kansa? Na ɗauki labarin na ajiye shi wuri guda da na kifin madatsar ruwa ta Tiga da aka ce ya kai saniya girma.

To, taubashi, ashe na injin gaskiya ne. Kifin dai har yanzu ina jira.

Ga yadda aka yi. Ka san ƙofar ruwa ta shida, wadda ke sako mana ruwa daga babban kanal. Ranar Juma'a mai kula da ita ya zo ya murɗa sitiyarin buɗe ta, sai sandar da ke ɗaga ƙofar ta yi ta juyawa a banza. Haƙoranta sun cinye. Ƙofa ta sulale ta zauna a rufe, ko ɗigo ba ya wucewa. Ga shinkafar rani ta yi ciki, ga ranar bazara, kai ma ka san shinkafa mai ciki ba ta yafe ƙishi. Gona sittin da 'yan kai ke sha daga wannan ƙofa. An gwada ɗaga ta da sarƙa da tarakta, sai sumunti ya fara tsagewa, aka bari. Masu injin ban-ruwa suna zuƙowa daga kanal, amma na kusa kawai yake isa. Na can wutsiya ba su ga komai ba.

A can wutsiyar kuwa gonar Salama take, matar marigayi ɗan farina. Ita ta yi dashen da hannunta, ita da 'yan matanta uku. Abincin shekararsu ke nan tsaye a rana.

Ranar Asabar aka yi taron ƙungiyar manoma. Shugabanmu yanzu Mudassiru ne, ɗan Malam Dattijo, yaro mai himma da waya biyu. Ya ce ba sai an wahala ba, akwai wurin aiki a Kano mai injin kwamfuta, a kai masa tsohuwar sanda ya fitar da sabuwa. Wani ya ce a ji ta bakin Baba Sallau mana, wato ni, ai ƙarfe nasa ne. Mudassiru ya ce, cikin ladabi kuwa, zamanin guduma ya yi nasa aikin, a bar Baba ya huta. Ina zaune a bayan taro, na gyaɗa kai kamar an ba ni goro.

In gaya maka gaskiya, na ji sanyi a raina. Hannuna rawa yake yi yanzu. Ba ni da injin sassaƙa, daga zugazugi sai uwar maƙera, lauje da fartanya nake bugawa. Da an ce ni zan yi, da kunya zan sha a gaban jama'a. Yau da safe sun tafi da sandar, an ce gobe za ta dawo, jibi ruwa. Allah ya sa haka.

Sandar nan dai kai ma ka san ta. Ba zan ƙara komai a kai ba, Hashimu ya iya karatu.

Ka gaishe mini da Kulu, ka ce matata Hawwa'u na cigiyar daddawar da ta yi mata alkawari. Allah ya bar zumunci.

Naka,
Sallau Maƙeri

Tsamiyar Maƙera, Bunkure
Juma'a, 18 ga Afrilu

Sammani ɗan'uwana,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta iyali, ina fata ƙafar ta yi sauƙi. Mu jikinmu lafiya. Gonaki ne ba lafiya. Yau kwana bakwai babu ruwa. Wannan takardar na liƙe ta da ƙaro, in Hashimu ya buɗe za ka gani.

Ranar Talata sanda ta dawo, tana sheƙi kamar sabon faranti. Yara har shafa ta suke yi. Aka zura ta a notin ƙofar, inda haƙoranta ke kamawa, aka murɗa, ta yi ta juyawa a banza kamar yayarta. Na karɓa na duba. Wallahi taubashi ban taɓa ganin aiki mai kyau irin wannan ba. Injin ya kwaikwayi tsohuwar sandar tsaf. Inda haƙori ya cinye, ya cinye shi. Inda ya kwanta, ya kwantar da shi. Har wata 'yar lotsawa da wani ya taɓa yi mata da guduma, ga ta nan a sabuwar, a daidai wurinta.

Ka san yadda mutanenmu ke magana da maƙeri. Manomi zai kawo maka fartanyar da ta shekara biyar tana cin ƙasa, ta koma kamar cokali, ya ce yi mini irinta sak, kada ka ƙara, kada ka rage. Kai kuma ka ce to. In ya tafi, sai ka ƙera masa yadda take ranar da aka saye ta. Ya zo ya karɓa ya ce madalla, sak kuwa. Shi ya san ba abin da ya faɗa yake nufi ba, kai ma ka sani. Haka muka taras, haka babanmu yake yi, ba wanda ya taɓa zama ya bayyana wa wani. To maganar nan Mudassiru ya je ya faɗa a Kano, har da ɗaga yatsa. Inji kuwa ba a maƙera ya tashi ba. An ce masa sak, ya yi sak.

Ranar Laraba suka ce sun gano bakin zaren. Suka je ofishin ruwa aka tono musu tsohon littafin ƙofofi, mai awon kowace sanda tun daga lokacin da aka gina kanal. Suka kai Kano. Jiya ta biyu ta iso, haƙora cike, masu kaifi. Ta shiga zagaye ɗaya da rabi, ta cije. Ƙarti huɗu suka rataya a sitiyari, ko motsi.

Yanzu ga abin da ya sa na liƙe takarda. Ka tuna shekara talatin da ɗaya da suka wuce, da wannan ƙofa ta fara lalacewa, ofis suka ce sai an yi odar kaya daga waje? Ka tuna aksil ɗin babbar mota, ƙarfen nan mai riƙe tayoyi, da muka tsinta a bola, muka sassaƙe shi a kamfani lokacin hutun rana, kwana uku, kana gadin ƙofa kada manaja ya shigo? Muka zuba sabon noti na tagulla, muka zo muka cire na asali, muka dasa namu, aka bi da sumunti. Injinmu na kamfani da inci yake lissafi. Littafinsu da milimita yake magana. Notin da ke cikin ƙofar nan ba ya cikin littafin kowa. A kaina yake da naka, tunda tsoron kora ya hana mu faɗa, daga baya kuma muka manta akwai abin faɗa. Fitar da shi yanzu sai an fasa sumunti, an tsayar da babban kanal, aikin makonni.

Tun ranar Laraba da na ji an ambaci littafi na san ba za ta shiga ba. Na sani, Sammani. Ina tsaye a wurin. Na buɗe baki, sai na tuna an ce Baba ya huta, na mayar na rufe. Na ce bari su je su dawo, su zo su same ni a maƙera su tambaya. Kwana biyu na cinye wa mutane don in ji an ce Baba taimaka.

Jiya da la'asar na taka zuwa wutsiya. Ƙasa ta tsattsage, hannuna yana shiga. Ganyen shinkafa ya naɗe kamar tsinke. Na tarar da Salama da 'yan matan suna ɗebo ruwan kwata da bokiti daga magudana, suna bin layi-layi, abin da ko kashi ɗaya cikin goma bai jiƙa ba. Da ta gan ni ta ajiye bokiti ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce me ya fito da ni a ranar nan da ciwon gwiwa, in koma gida kada in jawo wa kaina. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

In an sauko daga masallaci yau zan tare Mudassiru a gaban kowa in faɗa. Abu ɗaya nake so daga gare ka. Haƙora nawa muka yanka a inci? Ni na ce huɗu. Ka rubuto ka ba Hashimu.

Ka sa mu a addu'a. A gaida Kulu.

Naka,
Sallau

Tsamiyar Maƙera, Bunkure
Lahadi, 27 ga Afrilu

Zuwa ga Sammani, tsohon banza abin ƙaunata,

Gaisuwa da fatan alheri, da fatan kai da Kulu da duk gida kuna cikin ƙoshin lafiya. Mu nan sai godiya. Bari in fara da abin da kake son ji, kada ka tsallake layi kana nema: ruwa ya zo. Yau kwana takwas ke nan yana gudu.

Amsarka ta iso ranar Asabar da yamma, bayan an gama komai, yadda ka saba tun muna samari. Na ga inda ka kira ni jaki mai furfura, na karɓa, na ci wannan. Na kuma ga inda ka rantse haƙora biyar ne. Huɗu ne. Da na jira ka da yanzu sanda ta huɗu muke nema.

Ranar Juma'ar na faɗa, a ƙofar masallaci, mutane na neman takalma. Na faɗi na aksil, na faɗi na noti, na faɗi na kwana biyun ma, don in na rage shi ban faɗi komai ba. Sai Mudassiru ya ce bakinsa ne ya jawo, a yafe masa. Na ce nasa baki ya yi magana, nawa ya ƙi yi, kowa ya riƙe rabonsa. Malam Dattijo ya ce to in an gama rabon, shinkafa na jira.

Daga nan na nufi ƙofar da kakin zuma, irin wanda muke zubin tagulla da shi. Na wanke cikin notin, na shafe shi da man gyaɗa, na ɗumama kaki na cusa na danna, na bari ya sha iska, sannan na warware shi a hankali kamar ana kwance sanda. Ya fito da hoton haƙoran gaba ɗaya. Saura kai shi Kano a zafin nan bai narke ba. Hawwa'u ta ba da kular abincinta, sabuwar da ko baƙi ba ta zuba wa a ciki, muka cika ta da ƙanƙarar mai zoɓo. Ta ce in na dawo da ita da tsaga in nemi wani gidan. Asabar da sassafe muka shiga mota ni da Mudassiru, ina rungume da kula kamar mai kai wa majiyyaci abinci asibiti.

Taubashi, da ma kana nan ka ga wurin. Ƙasa a share, ba tarkacen ƙarfe, ba baƙin mai. Ana magana ana jin juna, da a nan ka yi aiki da yanzu waya muke yi. Injin kamar ɗan shago yake, da tagar gilashi. Mutum uku na ƙirga a duk wurin. Mu arba'in ne a sashenmu. Na tsaya ina tuna su ɗaya-ɗaya, waɗanda suka rasu da waɗanda suka koma acaɓa da aka rufe kamfani, har sai da Mudassiru ya taɓa ni.

Mai sarrafa injin mace ce, Nafisat, 'yar Garun Mallam, ba ta wuce sa'ar jikata ta fari ba. Da ta ga Mudassiru ta ce Shugaba an dawo ke nan, yau kuma me za a yi sak? Ashe tun ranar farko ta gaya masa samfurin nan ya cinye, ya ce ita dai ta yi yadda aka ce, mutanensu sun san abin da suke so. Bai gaya mana wannan a gida ba. Na dube shi, ya shiga duba wayarsa, duka biyun.

Na buɗe kula. Na zaci za ta yi dariya. Sai ta wanke hannu ta ɗauki kakin da hannu biyu, ta tambaye ni yadda na yi bai karye ba, ta sa na maimaita tana rubutawa. Ta ɗora shi a wani teburi, wata 'yar allura ta yi ta taɓa shi nan da can, sai ga haƙoranmu sun fito a allon kwamfuta, manya kamar kunyar dankali. Ta ce huɗu a inci, wannan awon Ingila ne na da, wa ya yanka? Na ce wasu ɓarayin hutun rana ne su biyu, ɗaya ya kurumce.

Sai na ce mata saura abu guda. Notin ma ya shekara talatin da ɗaya yana ɗaukar nauyin ƙofa, gefen da ke ɗaukar ya ci. In ta yanka daidai da na da, sandar za ta yi wasa a ciki, shekara biyu ta sake cinyewa. In ta bi kakin sak kuma, za ta matse a inda bai ci ba. Sai dai tsakani. Ta ce Baba tsakani nawa, inji lamba yake ji. Ni kuwa ba ni da lamba, a yatsa abin yake. Na waiga na ga takardar rasit, na ninka ta biyu, na murza tsakanin yatsuna, na ce kaurin wannan. Ta auna takardar da ma'auninta, ta rubuta lambar, ta ce wannan ma lamba ce, ba a dai taɓa tambayarta ba.

Ta ɗaura ƙarfe, ta rufe gilashi, ta ce ni zan danna maɓalli. Na danna da yatsan nan mai rawa. Wuƙar injin ta matso da kanta, wani farin ruwa kamar nono yana zuba a kai, haƙora suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. Na manna goshi a gilashi. Ka san halina a gaban inji, ban iya kallon yanka ban ƙirga ba, bakina na motsi, ɗaya, biyu, uku, huɗu, inci. Abin da ya ci mana hutun rana uku, kafin shayin da aka kawo mini ya huce an gama. Na sha shayin kuwa, a tsaye, a gefe.

Kafin mu fito ta nuna mini allon. Ta adana awon a ciki, ta sa masa suna Ƙofa ta Shida, awon Baba Sallau. Ta ce ko bayan shekara talatin aka zo, minti kaɗan ne. Na ce ta ƙara sunanka, ta ƙara. Ban san nauyin abin nan nake ɗauke da shi ba sai da na ji an sauke. Yanzu in na mutu, ko na ruɗe, ko zuciya ta sake ɗebe ni na yi shiru, ba gonar da za ta bushe saboda ni.

Da la'asar muka zura ta. Ta shiga kamar an shafa mata man shanu. Mai kula da ƙofa ya murɗa da hannu ɗaya, ƙofa ta yi ƙara ta tashi, ruwa ya yunƙuro da kumfa da karmami. Aka yi shawara na kusa su toshe bakin gonakinsu, tunda sun ɗan sha na inji, a bar shi ya wuce wutsiya tukuna. Ba wanda ya yi musu. Da hantsin Lahadi ya shiga gonar Salama. Ƙasar tana sha tana ƙara kamar ana soya wani abu.

Ba duka aka tsira ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Kusurwar gabas, wajen tudu, ta ƙone, kamar kashi ɗaya cikin biyar. Na je na auna da ƙafata. Na san ta kwana biyun nan ce. Na ce wa Hawwa'u in an yi girbi za a cike daga rumbunmu, ta ce da ma ta riga ta yanke haka, jira take ta ga ko zan faɗa da kaina. Sauran gonar ta miƙe, ta yi kore shar.

Kula ta dawo lafiya. Nafisat ta ce in sake zuwa in nuna wa abokan aikinta yadda ake ɗaukar awo da kaki, wai suna yawan samun tsofaffin injinan casa da ba su da littafi. Na ce sai na duba ayyukana. Lauje biyu ne ayyukan.

Ka gaida Kulu da yara. Daddawa ta iso, an gode. Allah ya ƙara sauƙi, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Naka har kullum,
Sallau Maƙeri

Af, na manta. Akwai labarin da ke yawo yanzu, gara ka ji daga gare ni. Wai injin Kano sau biyu yana ƙin aikin ƙofarmu, sai da aka kai wani tsohon maƙeri ya manna goshi a jikinsa ya karanta masa abin da ya gada daga kakanni, sannan ya yarda. Na ji a wurin mai shayi, na ji a Kura wajen masu casa, a can har an ce injin ya amsa. Duk wanda ya faɗa mini ina ce masa ƙirga nake yi, ba mai saurarata. Jiya da safe kuma wata ta zo har maƙera ta durƙusa, ta ce albishir, shinkafa ta fara fitar da kai. Sannan ta kawo mini labarin tiryan-tiryan, fuskarta ba dariya. Na ce 'yata, ƙirga nake yi, kuma akwai kwana biyun da ya kamata ki ji daga bakina. Ta ce ta ji wannan tun ranar Juma'a, ƙofar masallaci ba ta da nisa. Ta ce amma na goshin shi take ba yara, don shi suke so, kuma kakansu ne. Ta tashi ta karkaɗe zane ta koma gona. Daga ita ban sake ji wurin kowa ba tukuna. Salama ce.